GARDAMAR DA TA ƘI ƘAREWA: WANE NE GWANIN GWANAYE A WASAN BESBOL?

Ran 29 ga watan Mayu na shekarar 2024, hukumar da ke kula da manyan ƙungiyoyin wasan besbol na ƙasar Amurka ta ba da wata sanarwa wadda ta ta da ƙura tsakanin masu sha'awar wasan. Ta ce daga wannan rana, wanda ya fi kowa iya bugu a tarihin wasan ba Ty Cobb ba ne, mutumin da ya riƙe wannan kambu kusan shekara ɗari. Ta ce kambun ya koma hannun wani ana ce da shi Josh Gibson.

Abin mamakin shi ne, shi Gibson ɗin nan ya rasu tun cikin watan Janairu na 1947. Watau sai da ya shekara 77 a cikin kabari sa'an nan aka naɗa shi. Daɗin daɗawa, duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa yarda ya sa rigar ko ɗaya daga cikin waɗannan manyan ƙungiyoyi ba, don kawai shi baƙar fata ne.

To, yaya aka yi matacce ya karɓe kambu daga hannun matacce? Mai karatu ya san yadda gardamar wa ya fi wa take tsakanin magoya bayan kowane irin wasa. Amma ta Amurkawa a kan besbol ta sha bamban, domin kuwa su da littafin lissafi suke yin tasu, kuma shi kansa littafin akwai mutanen da aka daɗe ana hana su shiga cikinsa.

YADDA AKE WASAN

Da yake wasan baƙo ne ga yawancin masu karatu, ya kamata a fara bayyana yadda ake yinsa. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da 'yan wasa tara a fili. Filin yana da kusurwa huɗu, a kowace kusurwa akwai wurin tsayawa wanda za mu kira zango, kuma tsakanin zango da zango ƙafa 90 ne. Ɗaya daga cikin zangunan nan shi ake kira gida, a nan mai bugu yake tsayawa riƙe da kulki na katako. Mai jifa yana tsakiyar fili, ƙafa 60 da inci 6 daga gida, yana wurgo wata ƙwallo mai tauri wadda ba ta fi dunƙulen hannu ba, gudunta kuwa yakan wuce mil 90 a awa guda. A bayan mai bugu akwai mai cafka a tsugune, shi ke kama duk ƙwallon da ta wuce.

Idan mai bugu ya sami ƙwallon ya doka, sai ya yar da kulki ya sheƙa zuwa zangon farko. Masu tsaron fili kuwa ƙoƙarinsu shi ne su cafe ƙwallon tun tana sama, ko kuma su jefa ta ta riga shi isa zango. In sun yi haka ya fita ke nan. Haka nan in jifa mai kyau ya wuce shi har sau uku bai doka ba, nan ma ya fita. Da zarar mutum uku sun fita sai a juya, masu bugu su koma tsaro, masu tsaro su zo bugu. In kowane ɓangare ya yi nasa an gama turmi ɗaya, kuma turmi tara ake yi. Ci ɗaya shi ne ɗan wasa ya bi zangunan nan ɗaya bayan ɗaya har ya komo gida.

Abin da ya fi burge 'yan kallo shi ne mai bugu ya doki ƙwallon ta tashi sama ta tsallake shingen fili. Wannan shi za mu kira bugun tsallake. Wanda ya yi shi yakan zagaya zanguna a hankali ba mai tare shi, tare da duk abokansa da ke tsaye a kan zango.

WASAN ALƘALUMA

Asalin besbol daga waɗansu wasannin kulki da ƙwallo ne na yaran Ingila, waɗanda suka ƙetare teku tare da Turawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Cikin 1845 wani kulob na birnin New York mai suna Knickerbocker ya rubuta dokokin da suka shahara. Cikin 1869 aka sami ƙungiya ta farko wadda ke biyan dukkan 'yan wasanta albashi a fili, a birnin Cincinnati. An kafa gasar National League cikin 1876, ta American League ta biyo baya cikin 1901, kuma tun 1903 zakarun gasannin biyu suka fara karawa a ƙarshen shekara don fid da gwani. Su biyun nan su ake nufi in an ce manyan gasanni.

Amma wanda ya ba wasan halinsa na musamman ɗan jarida ne, haifaffen Ingila, mai suna Henry Chadwick. Shi ya yaɗa al'adar buga ɗan jadawali a jarida bayan kowane wasa, wanda ke nuna sunan kowane ɗan wasa, da sau nawa ya zo bugu, da sau nawa ya yi nasara, da ci nawa ya kawo. Daga nan aka sami abin da ake auna mai bugu da shi, watau sau nawa ya doka ya isa zango lafiya a cikin kowane zuwa 1,000. Wanda ya kai 300 gwani ne. Da wannan za a gane wuyar wasan, tun da yake gwani ma sau bakwai yake faɗuwa cikin goma.

Da yake an fi shekara 150 ana tara jadawalan nan, sai ya zamana Ba'amurke yana iya ɗaukar ɗan wasan zamaninsa ya gwada shi da na zamanin kakansa, lamba da lamba. A shagon aski, da wurin aiki, da shirye-shiryen rediyo, abin da ake yi ke nan. Akwai lambobin da ko ba a faɗi sunan mai su ba, duk mai bin wasan ya san na wane ne, alal misali 60, da 714, da 755.

COBB DA RUTH

Gardama ta farko da ta yi ƙarfi ita ce ta Ty Cobb da Babe Ruth. Cobb ya yi wasa daga 1905 zuwa 1928, yawanci a ƙungiyar Detroit Tigers. Mutum ne mai zafin rai da dabara, yakan doki ƙwallo ta bi inda babu mai tsaro, sa'an nan ya yi ta satar zango da gudu. Littafin hukuma ya ba shi 367 cikin 1,000, abin da aka daɗe ana cewa ba mai kamo shi.

Ruth kuwa da mai jifa ne a ƙungiyar Boston Red Sox, sai aka sayar da shi ga New York Yankees a ƙarshen 1919, ya koma bugu sosai. Cikin 1920 ya yi bugun tsallake 54, watau shi kaɗai ya fi jimlar abin da kowace ƙungiyar hamayya ta gasarsu ta yi a shekarar. Cikin 1927 ya yi 60. Kafin ya bar wasa cikin 1935 ya tara 714. Ya zo daidai lokacin da ake bukatarsa, gama a lokacin ne aka tuhumi 'yan wasa takwas na Chicago White Sox da karɓar cin hanci don su ba da wasan ƙarshe na 1919, jama'a suka fara yanke ƙauna. Ruth ne ya komo da su filin kallo.

Dattawa suka ce wasan Cobb shi ne wasa, na Ruth ƙarfi ne kawai. Samari suka ce bugu ɗaya na Ruth ya fi dabarun Cobb goma amfani. Da aka yi zaɓen farko na shiga Zauren Gwanaye cikin 1936, zauren da aka buɗe a garin Cooperstown cikin 1939, Cobb ya sami ƙuri'a 222 cikin 226, Ruth ya sami 215. Amma duk cikin masu gardamar nan kaɗan ne suka tsaya suka tambaya, shin da wa da wa mutanen biyu suka kara, wa kuma aka hana ya kara da su?

ƘOFAR DA AKA RUFE

Da fari ba a rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Cikin 1884 wani baƙar fata mai suna Moses Fleetwood Walker ya yi wa ƙungiyar Toledo wasa a wata babbar gasa ta wancan zamani. Amma waɗansu fitattun 'yan wasa farar fata, musamman Cap Anson na Chicago, suka riƙa ƙin fita fili in akwai baƙi. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 masu ƙungiyoyi sun haɗa baki sun daina ɗaukar baƙar fata. Manyan gasannin ba su rubuta wannan a cikin dokokinsu ba. Kenesaw Mountain Landis, tsohon alƙalin da ya yi kwamishinan wasan daga 1920 har rasuwarsa cikin 1944, ya faɗa a bainar jama'a cewa babu dokar da ta hana kowa. Duk da haka ko mutum ɗaya bai shiga ba a zamaninsa.

Da baƙar fata suka ga haka sai suka kafa nasu. Cikin watan Fabrairu na 1920, a birnin Kansas City, wani tsohon mai jifa mai suna Rube Foster ya tara masu ƙungiyoyi suka kafa gasar Negro National League. Waɗansu gasannin suka biyo baya. Ƙungiyoyi irin su Kansas City Monarchs, da Homestead Grays, da Pittsburgh Crawfords suka zama abin alfaharin al'ummarsu. Tun daga 1933 akan yi babban wasan taurarinsu a Chicago, kuma akwai shekarun da 'yan kallo suka kai wajen 50,000.

Amma fa rayuwa ce ta wahala. Kuɗin gasa ba ya isa, saboda haka sai su bi gari gari cikin mota suna karawa da duk wanda suka samu, wani lokaci wasa biyu ko uku a rana guda. Otal da yawa ba sa karɓarsu, sai su kwana cikin mota. In hunturu ya shigo su wuce Kyuba ko Meziko su ci gaba da neman abinci. Yawancin waɗannan wasanni na yawo ba wanda ya rubuta sakamakonsu. Manyan jaridun farar fata ba su damu ba, sai jaridun baƙar fata irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender, masu fitowa mako mako, su ne suka riƙa buga abin da ya sauwaƙa.

GIBSON DA PAIGE

A cikin wannan hali Josh Gibson ya tashi. An haife shi a jihar Georgia cikin 1911, ya girma a Pittsburgh, ya zama mai cafka na Grays da Crawfords. Waɗanda suka gan shi sun ce ba su taɓa ganin mai tura ƙwallo nesa kamarsa ba. Jaridu sukan kira shi Babe Ruth na baƙar fata, magoya bayansa kuwa su mai da martani su ce ai Ruth ne Josh Gibson na farar fata. Allon da aka kafa masa a Zauren Gwanaye cikin 1972 ya nuna ya yi bugun tsallake kusan 800, in an haɗa da wasannin yawo. Amma waɗanda aka samu a rubuce cikin wasannin gasa ba su kai 200 ba. Tsakanin lambobin nan biyu gardama ta yi shekaru tana kai da komowa.

Gibson ya yi fama da ciwo a ka a shekarunsa na ƙarshe, ya rasu ran 20 ga Janairu, 1947, yana da shekara 35. Kabarinsa ya yi kusan shekara 30 ba ko alama a kansa. Saura wata uku ƙofa ta buɗe ya cika.

Abokin zamaninsa, mai jifa Satchel Paige, ya fi shi tsawon kwana. Sai da ya kai shekara 42, cikin 1948, sa'an nan ƙungiyar Cleveland ta ɗauke shi, kuma ya taimaka mata ta ci kambun shekarar. Cikin 1965, yana da shekara 59, aka fito da shi ya yi jifa turmi uku, ba a ci shi ko ɗaya ba. Sai masu kallo suka riƙa tambayar juna, in haka yake da tsufa, yaya yake yana ɗan shekara 25?

RAN 15 GA AFRILU, 1947

Wanda ya karya ƙofar shi ne Jackie Robinson, tare da shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers, Branch Rickey. Robinson ya yi karatu a jami'a a jihar Kalifoniya, ya yi hafsa a sojan Amurka, har an gurfanar da shi gaban kotun soja cikin 1944 bayan ya ƙi komawa kujerar baya a cikin bas, kotu ta wanke shi. Cikin watan Agusta na 1945 Rickey ya kira shi ofis, ya yi ta kwaikwayon irin zagin da zai sha, sa'an nan ya nemi alkawari ɗaya gare shi, watau komai aka yi masa kada ya rama, gama ranar da ya rama za a ce ga shi nan, dama an faɗa. Robinson ya ɗauki alkawari. Ya yi shekarar 1946 a ƙaramar ƙungiyar Montreal ta ƙasar Kanada, kuma ran 15 ga Afrilu, 1947, ya fito fili da rigar Dodgers mai lamba 42.

Ya sha abin da aka gaya masa, har da ƙari. Waɗansu abokan wasansa sun shirya takardar ƙin yin wasa da shi, sai da manaja ya tsawata musu. Manajan ƙungiyar Philadelphia da yaransa sun yi ta jifansa da baƙaƙen maganganu a gaban jama'a. An aiko masa da wasiƙun barazanar kisa. Ya danne zuciyarsa, alhali kuwa shi ba mai sanyin hali ba ne. A ƙarshen shekarar aka zaɓe shi gwanin sababbin 'yan wasa, cikin 1949 kuma gwanin gasar baki ɗaya. Shigarsa fa ta faru ne tun kafin a ba da umurnin kawar da wariya a sojan Amurka cikin 1948, tun kafin kotun ƙoli ta haramta ta a makarantu cikin 1954.

Da yawa daga cikin tsofaffin 'yan wasan baƙar fata sun ce Robinson ba shi ne gwaninsu ba, ilminsa da haƙurinsa ne suka sa aka zaɓe shi. Abin da ya biyo baya ya nuna irin dukiyar da aka daɗe da rufe wa ƙofa. Daga 1949 zuwa 1959, sau 11 aka ba da kyautar gwanin shekara a National League, sau 9 baƙar fata ne suka ɗauka: Robinson, da Roy Campanella har sau uku, da Willie Mays, da Don Newcombe, da Hank Aaron, da Ernie Banks sau biyu. Dukkansu daga ƙungiyoyin baƙar fata suka fito.

Amma nasarar ta zo da tata asara. 'Yan kallo suka bi taurarinsu zuwa manyan filaye, gasannin baƙar fata suka durƙushe, masu ƙungiyoyi da ma'aikatansu suka rasa sana'a. Rickey bai biya Monarchs ko kwabo a kan Robinson ba.

ALAMAR TAURARO

Bayan an buɗe ƙofa sai gardama ta koma kan lambobin Ruth. Cikin 1961 Roger Maris na Yankees, shi ma farar fata, ya tasam ma 60 ɗin nan. A shekarar ne aka ƙara yawan wasannin gasarsu daga 154 zuwa 162. Kwamishina Ford Frick, wanda tsohon aminin Ruth ne, ya yanke cewa in ba a cikin wasa 154 aka karya tarihin ba, to, a rubuta shi dabam. Maris ya yi na 61 a wasan ƙarshe na shekara, bayan damuwa ta sa gashin kansa ya riƙa zuba. Tun daga nan Amurkawa suka riƙa cewa an liƙa wa lambarsa alamar tauraro, irin wadda marubuta kan sa don nuna akwai magana a ƙasa. Sai cikin 1991 aka soke wannan bambanci, shekara shida bayan rasuwarsa.

Abin da Hank Aaron ya gani ya fi wannan muni. Shi mutumin jihar Alabama ne, ya fara da wata ƙungiyar baƙar fata mai suna Indianapolis Clowns cikin 1952. Ya rufe shekarar 1973 da bugun tsallake 713, saura ɗaya ya kamo Ruth. A shekarar ya sami wasiƙu dubban ɗaruruwa, yawanci na fatan alheri, amma da yawa na zagi ne da alwashin za a harbe shi. Sai da aka sa masa mai gadi. Ran 8 ga Afrilu, 1974, a birnin Atlanta, gaban mutum fiye da 53,000, ya doka na 715. Yana cikin zagaya zanguna sai ga samari biyu farar fata sun diro fili sun biyo shi a guje. Ashe murna suka zo taya shi, amma na ɗan lokaci hankalin iyalinsa ya tashi. Ya bar wasa cikin 1976 da 755, kuma ya adana wasiƙun zagin nan bai ƙone su ba. Ya rasu cikin 2021.

Magoya bayan Ruth suka ce ai shi cikin zuwa bugu 8,399 ya tara nasa, Aaron kuwa sai da ya zo sau 12,364. Na Aaron suka ce Ruth bai taɓa fuskantar mai jifa baƙar fata a wasan gasa ba, bai sha wasan dare ba, bai kuma sha doguwar tafiya daga wannan gaɓar teku zuwa waccan ba.

Sa'an nan aka shiga zamanin ƙwayoyin ƙara ƙarfi. Mark McGwire ya yi 70 cikin 1998, daga baya cikin 2010 ya amsa cewa ya yi amfani da su. Barry Bonds ya yi 73 cikin 2001, ya wuce Aaron cikin watan Agusta na 2007, ya tsaya a 762. An zarge shi da irin wannan, shi kuwa ya ce bai taɓa sha da saninsa ba. Attajirin da ya sayi ƙwallon da ya karya tarihin da ita ya nemi ra'ayin jama'a, suka ce a buga mata alamar tauraro, aka buga, aka kai ta Cooperstown a haka. Shekara goma marubutan wasanni suna jefa ƙuri'a a kan Bonds, har zuwa 2022, bai sami kashi 75 cikin 100 da ake bukata don shiga Zauren Gwanaye ba. Saboda haka littafi ya ce Bonds, jama'a da yawa kuwa har gobe Aaron suke cewa.

Mutanen Japan ma suna da tasu magana. Gwaninsu Sadaharu Oh na Yomiuri Giants ya tara 868 daga 1959 zuwa 1980. Amurkawa sukan ce filayen Japan ƙanana ne. Japanawa sukan ce wasanninsu na shekara ba su kai na Amurka yawa ba.

GYARAN LITTAFI

Cikin 1966, ranar da ake shigar da shi Zauren Gwanaye, fitaccen mai bugu Ted Williams ya yi kira da a karrama Paige da Gibson, ya ce ba don komai ba su nan sai don ba a ba su dama ba. An karɓi Paige cikin 1971. Amma littafin lissafi bai canja ba. Kwamitin da ya zauna a ƙarshen shekarun 1960 don tantance waɗanne gasanni ne manya ya lissafa guda shida, bai ko duba na baƙar fata ba.

Waɗanda suka canja al'amarin masu bincike ne, da yawansu 'yan sa kai. Shekara da shekaru suna bin ɗakunan karatu suna tono tsofaffin jaridu, suna kwafe jadawali ɗaya bayan ɗaya. Cikin watan Disamba na 2020 hukuma ta amince cewa gasannin baƙar fata guda bakwai, daga 1920 zuwa 1948, manyan gasanni ne. Cikin 2024 aka zuba lambobin 'yan wasa fiye da 2,300 cikin littafin. Ba a ƙirga wasannin yawo ba, sai na gasa waɗanda aka sami jadawalinsu. A ranar sanarwar Gibson ya fito da 372 cikin 1,000, Cobb yana da 367.

Masu suka sun ce wannan gwama abin da bai gwamu ba ne. Suka ce Cobb ya zo bugu fiye da sau 11,000, abin da aka samu na Gibson kuwa bai kai 3,000 ba, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jadawalan ba a gano su ba. Masu goyon baya suka ce gajartar gasar ba laifin Gibson ba ne, laifin waɗanda suka rufe ƙofa ne. Suka tuna wa jama'a cewa cikin 2020, saboda annobar korona, wasa 60 kacal aka yi, kuma an ƙirga shekarar. Suka ƙara da cewa in rashin karawa da dukkan gwanayen zamani aibi ne, to, aibin ya hau kan Cobb da Ruth kamar yadda ya hau kan Gibson.

Akwai kuma ra'ayi na uku daga waɗansu marubuta baƙar fata, wanda ya cancanci a saurara. Su tsoronsu shi ne, in an haɗe lambobin a shafi ɗaya, yaron da zai buɗe littafin nan gaba zai zaci tare aka yi wasan, ya manta cewa akwai lokacin da waɗansu ke kwana a otal, waɗansu a cikin mota.

Ran 20 ga Yuni, 2024, manyan ƙungiyoyi biyu suka kara a tsohon filin Rickwood na birnin Birmingham a jihar Alabama, don tunawa da gasannin baƙar fata. A wannan fili Willie Mays ya fara wasa yana saurayi cikin 1948, kuma gyaran littafin ya ƙara masa bugu 10 da ya yi a shekarar. Allah bai nufa ya ga taron ba, ya rasu saura kwana biyu, yana da shekara 93.

Gardamar dai ba ta mutu ba, kuma da wuya ta mutu, tun da yake ba mai iya komo da Gibson da Ruth fili ɗaya. Amma ya kamata a lura da abin da ya sa har aka iya ɗaga ƙarar. Waɗansu 'yan jarida ne marasa galihu, waɗanda ba mai tuna sunan yawancinsu, suka zauna a gefen fili da fensir suna rubuta wa ya doka, wa ya fita, a lokacin da manyan ƙasa ke ganin wasan bai isa a rubuta ba. Da ba su rubuta ba, da labarin Gibson ya tsaya a bakin tsofaffi, ya bi su kabari. Hukumar ta ce lambobin za su iya motsawa in an tono waɗansu jadawalan, masu binciken kuwa ba su rufe aikinsu ba.